Katako Biyu da Hinji Don Idon Baba

Aliero,
Farkon Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Bushira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdulhakim da yara, kamar yadda muke nan ƙalau. Yaya aikin jinya, yaya ruwan Fatakwal da bai san gajiya ba? Matata Zaituna na gaishe ki, ta ce in tuna miki da manjan da kika yi mata alkawari tun Babbar Salla.

Na san dariya za ki yi, ki ce Yaya Khalilu ya koma zamanin da, ga waya a aljihu yana rubuta wasiƙa. To ga dalilina: a waya ba ki taɓa barina na kai ƙarshen zance ba, ita kuwa takarda ba ki da yadda za ki yi ki katse ta. Abdussalam direban motar albasa ne zai kawo miki, idan kin ji tana wari ki yi haƙuri.

Batun idon Baba ne. Mun koma wurin likita kamar yadda kika ce, kuma abin da kika ji tsoro shi ɗin ne, hawan jinin ido. Na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu saura ɗan tsakiya, likitan ya ce kamar mutum ya leƙa ta cikin bututu ne, kuma maganin ɗigawa sai dai ya rage wa ciwon gudu, ba zai tsayar da shi ba. Baba ya saurara, ya yi hamdala, muka koma Mungadi bai sake tayar da zancen ba. Kin san halinsa.

Abin da ya hana ni sukuni daga bakin Inna na ji shi. Kin tuna yadda yake fitowa tsakar gida bayan Isha'i ya ɗaga kai, ya nuna mana, a cikin taurari, Kaza da Ɗiyanta, wadda shi yake kira Surayya kamar yadda take a littattafansa? Fitowarta da asuba ce ke gaya masa damina ta zauna, fitowarta da almuru kuma sanyi ya matso, a shirya dashen albasa, manoman Mungadi har zaure suke biyo shi su tambaya. Inna ta ce ran nan ta same shi tsaye ya fuskanci inda Kazar ke fitowa, ya daɗe yana juya kai, sannan ya tambaye ta ko hadari ne ya rufe sama. Sama kuwa tas take. Ta ce masa e, hadari ne. Tun ranar bai sake fitowa ba. Bushira, da ta gama gaya mini sai da na zagaya bayan gida na yi kuka, ni da gemuna.

To na yanke shawara, kuma kada ki ce mini komai sai kin karanta har ƙasa. Zan ɗauko wa Baba hoton Kazar, babba, mai haske, wanda ɗan abin da ya rage a idonsa zai iya kamawa. Kyamara tana ganin abin da ido ba ya gani idan aka bar idonta a buɗe na ɗan lokaci, haske yana taruwa a cikinta kaɗan kaɗan. Matsalar ita ce sama ba ta tsayawa. Kafin hasken ya taru taurarin sun gusa, sai hoto ya fito da zane-zane maimakon ɗigo. Maganin shi ne a sa kyamarar ta bi sama a hankali, daidai tafiyarta. Akwai na'urar da ake sayarwa don haka, amma ba a kasuwar Jega ba, kuma ba da aljihu irin nawa ba. Sai na ga wani a bidiyo ya haɗa tasa da katako biyu, da hinjin ƙofa, da doguwar ƙusa mai zare irin wadda ake ɗaura wa noti. Kana murɗa ƙusar, katakon sama yana ɗagawa da kyamara a kai, shi ke nan.

Mutumin da ke warware injin ban ruwa gunduwa-gunduwa ya mayar da shi ya tashi, ba katako biyu ne za su gagare shi ba. Na riga na yi magana da abokina Waliyyu mai ɗaukar hoton biki a Jega, ya yarda zai ba ni aron kyamara. Baba bai sani ba, kuma ba na son ya sani sai abu ya tabbata, don ba zan sa masa rai in bar shi da hadarin Inna ba. Ki kama bakinki, na san ki.

Ki gaishe da Abdulhakim da kyau, ki shafa mini kan yara.

Naki yayanki,
Khalilu.

Jega,
Ƙarshen Oktoba.

Ƙanwata Bushira,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwantaka. Ina fatan kuna lafiya, kuma murar da ta kama ƙaramar 'yarki ta sake ta. Mu nan lafiya lau, sai aiki da ya taso, kowa na son injinsa ya tashi kafin dashe. A shagon Waliyyu nake rubuta miki, yana nan yana leƙen takardar yana cewa in sa gaisuwarsa.

Na ji saƙonki na murya, dukansu. Kin ce in bar wasan yara in kula da maganin Baba. Maganin Baba ba ya fashi, Inna ce ke ɗiga masa safe da yamma, ni kuma na ajiye na gaba tun wannan bai ƙare ba. Ke kin iya allura, ni na iya ƙarfe, kowa ya yi wa Baba abin da hannunsa ya sani.

Na'ura ta haɗu, kuma wallahi ta yi kyau. Katakon maɗaci ne na samo wurin Alu kafinta, ya goge mini shi sumul. Hinji kuwa sai da na zazzage wa mai shagon kwalinsa duka ina gwada ɗaya bayan ɗaya, har na samu wanda ba ya rawa ko kaɗan, mutumin ya ce bai taɓa ganin mai zaɓen hinji kamar zaɓen rago ba. Ƙusar kowane zagaye milimita ɗaya take ɗagawa, don haka na huda raminta kusan santimita ashirin da uku daga hinji, haka lissafin yake. Na ɗaura mata marfin gwangwanin fenti ya zama abin murɗawa, na zana masa alamomi irin na agogo. Aikin mai murɗawa shi ne ya bi hannun sakan, zagaye ɗaya a minti ɗaya. Gindin kuma da ƙarfen wani mataccen injin ban ruwa na yi waldarsa, na ɗaga bakin hinjin digiri goma sha biyu, daidai zaman ƙasarmu.

Sharaɗi guda ne babba: dole tsawon hinjin ya nuna arewa sak, wurin tauraron nan da ba ya tafiya, wanda sama duka ke juyawa a kansa. Aliero da Jega fitilu sun yi yawa, sai muka tafi Mungadi ni da Zaituna da Waliyyu, wanda ya rungume kyamararsa kamar jariri tun daga tasha. Mun kafa bayan masallacin Baba, da aka idar da Isha'i ya shiga gida. Tsamiyar gidan Mero da rufin gidaje sun tare arewa, tauraron kuma ƙasa-ƙasa yake, ba a ganinsa. Na duba kamfas na waya, sai rawa yake yi saboda ƙarafa. Ban ma damu ba. Ga masallacin da Baba da kansa ya tsayar wa alƙibla, mutumin da har daga Maiyama ake zuwa ɗaukarsa don wannan aiki. Mai salla ya fuskanci gabas, hannunsa na hagu arewa, ko yaron goye ya san wannan. Na ja igiya daidai bangon gaba, na jera hinji da ita.

Zaituna ta riƙe agogo da 'yar fitila, ni ina murɗawa, Waliyyu ya buɗe kyamara. Kazar ta fito fes a sama. A hoto kuwa sai ta fito kamar an watsa shinkafa a tabarma, kowane tauraro da 'yar jelarsa. Muka sake, muka kuma sakewa, jelar tana nan. Ta fi guntu a kan wadda ake samu in ba a murɗa ba, wannan ya nuna mini na'urata tana aiki, saura ɗan abu. Na ce Zaituna ce ke saurin ƙirga, ta ce hannuna ne ya saba da sifana bai san lallami ba, muka dawo Aliero kowa na kallon tagarsa. Yanzu mun shirya, bayan na saya mata tsire.

Zargina yana kan ƙusar, wataƙila zarenta ba daidai yake ba, na sa a kawo mini wata daga Birnin Kebbi. Saitin arewa dai shi kaɗai ne abin da ba na shakka a kai. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wata ya dawo, haskensa yana shanye ƙananan taurari, dole in jira sai ya koma fitowa a makare.

Jiran ne ba na so. Ranar Juma'a na miƙa wa Baba hannu, ya miƙo nasa ya wuce nawa ta gefe, ya yi kamar ƙuda yake kora. Ya tambayi Inna wa ke ƙwanƙwasa ƙarfe bayan masallaci, ta ce Khalilu ne ke gwada inji. Ya ce wannan wane irin inji ne, ba ƙara ba ruwa. Zan gama shi cikin watan da za mu shiga in sha Allahu, ki rubuta ki ajiye.

Ki gaida mutanen gida duka.

Yayanki,
Khalilu.

Aliero,
Tsakiyar Nuwamba.

Bushira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Wannan gajeriya ce don Abdussalam ya riga ya tayar da mota yana danna mini oda.

Na gano! Ba ƙusa ba ce, ba kuma Zaituna ba ce, kuma na riga na ba ta haƙuri, ta ce sai na maimaita a gaban Waliyyu.

Shekaranjiya aka kira ni garin Kimba, injin wani manomi ya ƙi jan ruwa ga dashe na bushewa. Ban gama ba sai da duhu ya yi, muka yi Isha'i nan cikin fadama, a ɗan masallacin da suka kewaye da duwatsu. Fili ne fetal, ba bishiya ba fitila. Da na juya kai hagu zan yi sallama ta biyu, sai idona ya faɗa kan wani tauraro shi kaɗai, ƙasa-ƙasa. Idan shi ne tauraron arewa, ya kamata ya kasance daidai kafaɗata ta hagu. Shi kuwa ya gota kafaɗar sosai, yana can gaba, wajen da nake fuskanta. Na kafa sandar fartanya na saita shi da kanta, na zauna ina shan furar da suka ba ni. Sauran taurari suka yi ta gusawa, shi yana nan kan sanda bai motsa ba.

Kin gane? Bangon Baba daidai yake, Makka yake nunawa, kuma abin da aka gina shi don shi ke nan. Ita Makka daga nan ba gabas sak take ba, ta karkata arewa, don haka hagun mai salla ma ya karkace daga arewa. Mu kuma tun tasowarmu da masallaci muke gane kusurwa, gini ne, kabari ne, shimfiɗa ce, ba wanda ya taɓa buƙatar ya bambance. Ni ma da sama ba ta kama ni ba, da haka zan mutu ina rantsuwa.

Jiya na ɗaura guntun bututun ruwa a gefen hinji, ya jeru da shi. Yanzu ta cikinsa zan leƙa in sa tauraron a tsakiya, in bar bango ya yi aikinsa na salla. An gama girbin dawa a gonar Baba ta arewacin gari, wurin a buɗe yake, can za mu kafa. Wata ya fara makara, kwana kaɗan ya rage.

Inna ta ce yanzu almajiransa manya ne ke karanta masa, shi yana gyara musu da ka. Ki taya ni addu'a in riga ciwon nan.

Naki,
Khalilu.

Mungadi,
Ƙarshen Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata Bushira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwa gare ki da Abdulhakim da yara, da fatan Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Inna na gaishe ku, Zaituna ma haka. A zauren Baba nake zaune, kuma ki nemi wuri ki zauna ke ma.

Mun samu, Bushira. Muka kafa a gona bayan Isha'i, na leƙa bututu na sa tauraron a tsakiya, na danne gindin na'ura da buhun yashi. Wannan karon Zaituna ce ta karɓi murɗawa, kuma dole in faɗi gaskiya hannunta ya fi nawa laushi, ni aka bari da riƙon agogo. Da Waliyyu ya rufe kyamara muka haɗa kai muka duba hoton. Ɗigo-ɗigo ne, zagaye, ba jela ko ɗaya. Manyan suna ƙyalli da wani shuɗin hayaƙi kewaye da su, ƙananan kuwa sun cika hoton har gefe. Waliyyu da ya yi shekaru yana ɗaukar hoton amare ya ce bai san kyamararsa na iya wannan ba. Ni na sani, amma na bar shi ya yi mamakinsa.

Allon waya ya yi wa Baba kaɗan. Washegari na tafi Maiyama wurin Yaro mai gidan kallon ƙwallo, na aro babbar talabijin ɗinsa, muka ɗauro ta a keke mai ƙafa uku tare da janaretona. Kin san ra'ayin Baba a kan talabijin. Inna ta lulluɓe ta da zane muka shigar da ita ɗakinsa kamar kayan sata, muka toshe taga don duhu ya samu.

Dole na warware masa komai kafin ya yarda ya zauna gabanta. Da na kai ga batun bangon masallaci, ya yi dariya har da tari, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce ai ya karantar da mu wannan, lokacin ni ina bayan zaure ina kwance masa rediyo. Sannan ya juya ya ce wa Inna dama ya san ba hadari a ranar nan, ya dai bar ta ne don ta ji daɗi.

Na kunna, na zaunar da shi kusa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Da farko bai ga komai ba, yana ta yawo da kai sama da ƙasa, na ce a raina na makara. Can sai kansa ya tsaya cak. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan ɗaya daga cikin manyan. Ya gusa a hankali ya samu na biyu, ya samu na uku, yana bin su ɗaya ɗaya don ba ya iya haɗa biyu a gani guda. Ya kai bakwai ya tsaya, inda ya saba tsayawa duk rayuwarsa. Sai yatsan ya ci gaba da kansa, ga wani, ga wani kuma, har ya daina ƙirga. Ya ce ashe duk shekarun nan ƙwarar kazar nan yake yi, ashe ta fi kowa ɗiya a ƙasar Maiyama. Ya yi tasbihi, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don kada ya ɗauke ido. Inna ta fita waje da bakin zane a fuska. Ni kuwa farin cikin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari.

Ya daɗe a haka, ba wanda ya ce masa ya isa. Da ya gaji, na tashi zan kashe, ya ce in dakata. Ya ce in kunna fitilar waya in haska fuskata in durƙusa gabansa. Na durƙusa. Ya kama haɓata ya bi ni da idon nan yadda ya bi taurarin, goshi, ido ɗaya, ɗayan, hanci, baki, a hankali ba gaggawa. Da ya zo gemu ya tsaya, ya ce yaushe na yi furfura ba wanda ya gaya masa. Na tashi na ba da wuri. Ya kira Inna ita ma ya dube ta haka, sannan Zaituna. Da ya gama ya juya wajen ƙofa yana jira, kamar akwai saura, sannan ya sauke hannunsa ya ce a buɗe taga.

Bai ambaci sunanki ba, kin san ba zai taɓa cewa ki bar aikinki saboda shi ba. Ni ne nake faɗa. Ki nemi hutu gobe-goben nan, ki taho da yaran duka, har ƙaramar da bai taɓa gani ba. Kada ki jira Salla, kada ki jira hutun makaranta. Ki gaya mini ranar da za ku taso, zan tsaya muku a tashar Jega.

Allah ya kawo ku lafiya, ya sa ku same shi yana gani.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Khalilu.